Sharhi: Ɓeran gwaji ya yi nasa aikin, amma amfanin bai kai Sanam ba

A watan Afrilun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa za ta fara janye sharaɗin gwada wasu sababbin magunguna a jikin dabbobi kafin a bai wa mutane. Kafin watan ya ƙare, cibiyar NIH, wadda ta hannunta gwamnatin Amurka ke zuba mafi yawan kuɗin binciken lafiya, ta ce ita ma za ta karkata ga wasu hanyoyin, kamar ƙwayoyin jikin ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaje-gwaje da kuma lissafin kwamfuta. Masu fafutukar kare dabbobi sun yi murna. Wasu masana kuwa sun ce an yi gaggawa, kuma har yanzu ana ta ja-in-ja.

Idan aka tsaya a Sanam, a gundumar Abala ta jihar Tilaberi, aka saurari wannan muhawara, sai ta yi kama da gardamar waɗanda suka riga suka ƙoshi. Magungunan da ɓeran gwaji ya taimaka aka gano shekaru 60 zuwa 70 da suka wuce, waɗanda a yau suke warkar da yara 8 cikin 10 masu ciwon daji a ƙasashe masu arziki, har yanzu ba su zama abin da ɗan manomi a ƙasar Kurfai zai iya dogara da shi ba. Kuma akasarinsu ba masu tsada ba ne. Domin a gane inda aka yi sake, dole a fara da ɓeran kansa.

Ɓeran da ke mutuwa kafin ya shekara

Akwai wata 'yar halitta mai laushi da ke kwance a bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, gab da hanyar numfashi. Likitoci na kiranta taimus. Mahauta sun san ta ko da ba su san wannan suna ba, domin tana nan a ƙirjin ɗan maraƙi da ɗan rago, amma a tsohon sa sai a neme ta a rasa. Tana shanyewa ne da girma, kitse ya maye gurbinta. Haka take a jikin mutum: tana kan ganiyarta a ƙuruciya, bayan balaga ta fara ja da baya. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 likitoci da yawa na ganin ba ta da wani aiki.

A shekarun 1930 wani masani ɗan asalin Hangari mai suna Jacob Furth, yana aiki a Amurka, ya riƙa haɗa ɓeraye wa da ƙanwa, zuri'a bayan zuri'a, har ya samu wani iri da kusan duk 'ya'yansa halittarsu ɗaya. Irin da daga baya aka sani da AKR yana da wata alama mai ban tsoro. Ba a ba shi guba ba, ba a yi masa komai ba, amma daga wata shida zuwa shekara ɗaya sai ƙari ya fito a taimus ɗinsa, ya cika ƙirji, ya bazu cikin jini ya zama sankarar jini. Mafi yawansu haka suke mutuwa. A 1944 Furth da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka cire taimus tun ɓeran yana ƙarami, ciwon yakan ragu ƙwarai. Ke nan a nan ne tushen yake.

Sai Ludwik Gross, likita ɗan asalin Poland da ya tsere wa 'yan Nazi, ya ɗauki maganar a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke unguwar Bronx a New York. Ya niƙa sassan jikin ɓerayen da suka kamu, ya tace ruwan ta yadda ko ƙwayar jiki ɗaya ba za ta wuce ba, ya yi wa jariran ɓeraye na wani iri dabam allura da shi. Da suka girma sai suka kamu da sankarar jini. Ya bayyana sakamakon a 1951: ƙwayar bairos ce. Abokan sana'arsa sun shekara da shekaru ba su yarda ba. Daga baya aka gano abin da ya fi haka ban mamaki, cewa bairos ɗin yana rubuce ne a cikin kundin gadon ɓeran AKR, uwa da uba suna miƙa shi ga 'ya'ya kamar launin gashi. Da zarar ya farka, sai ya riƙa cusa kansa nan da can a cikin DNA na ƙwayoyin taimus, har ya faɗa kusa da wata ƙwayar gado mai ba da umarnin hayayyafa, ya kunna ta, ta ƙi mutuwa.

A kan wannan ciwo ne wani matashi mai suna Jacques Miller yake bincike a Landan lokacin da ya cire taimus daga ɓerayen da aka haifa a ranar. Sai ya ga sun rame, kowace cuta tana kayar da su, har fatar wani ɓera da aka dasa musu jikinsu bai ƙi ta ba. A 1961 ya wallafa cewa taimus ce makarantar da ake horar da wani rukuni na sojojin garkuwar jiki. Su ne ake kira ƙwayoyin T, harafin farko na sunanta. Duk mai ɗauke da HIV da aka taɓa auna masa CD4 a Yamai ko Kano, ɗaliban wannan makaranta aka ƙirga masa.

Wannan ne kuma ya bayyana dalilin da ya sa ƙarin ya fi son masu ƙananan shekaru. A cikin taimus ƙwayoyi na hayayyafa da sauri, kuma kowace sai ta yanka DNA ɗinta ta sake ɗinke shi domin ta ƙera makamin da za ta gane abokin gaba da shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa cin jarrabawar, a nan ake kashe su. Inda ake yanka da ɗinki da yawa haka, kuskure ba ya rasa faruwa. Shi ya sa ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado mai suna p53, wadda ke gadin irin waɗannan kurakurai, akasarinsu ke kamuwa da ƙari kafin wata shida, kuma na taimus ne ya fi yawa. An nuna haka a 1992.

Kafin wani ya ɗauki wannan ya yaɗa a WhatsApp: babu wata shaida da ke nuna ɓeran gida ko na rumbu yana sa wa mutum ciwon daji. A 2009 an yi iƙirarin samun wani ɗan uwan wannan bairos a jinin marasa lafiya a Amurka, amma a 2011 aka janye rahoton bayan an gano gurɓatar ɗakin gwaji ce. Haɗarin ɓeran rumbu na wani fanni ne, irin su zazzaɓin Lassa da ɓarnar hatsi. Abin lura dai shi ne, dangin ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke shiga gidaje a Sahel, wanda masana ke kira Mastomys, shi ma an yi renonsa a ɗakunan gwaji, kuma an ga yana yin ƙarin taimus idan ya manyanta.

Abin da aka girba

Magungunan da ake bai wa yaro mai sankarar jini a yau kusan duk sun bi ta jikin ɓera. A 1948 Sidney Farber ya nuna a Boston cewa wani magani na iya kwantar da ciwon na ɗan lokaci a jikin yara, kuma a jikin ɓeraye masu sankara ne Joseph Burchenal da wasu suka riƙa tantance danginsa, ciki har da methotrexate. Gertrude Elion ta haɗa mercaptopurine a farkon shekarun 1950, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 1988 tare da George Hitchings. An samo vincristine daga wani fure ɗan asalin Madagaska da ake shukawa don ado a ƙofar gidaje da ofisoshi a biranen Afirka ta Yamma. Labarin asparaginase ya fi ban dariya. A 1953 John Kidd ya lura cewa ruwan jinin ɓeran Masar yana narkar da ƙarin da aka dasa wa ɓeran gwaji, sai bayan shekaru takwas aka gano sinadarin da ke yin aikin. A jikin ɓera ne kuma Howard Skipper ya nuna a shekarun 1960 cewa ƙwayar sankara ɗaya tak da ta tsira ta isa ta dawo da ciwon. Daga nan aka fahimci cewa sai an haɗa magunguna da yawa, a kuma ci gaba da bayarwa bayan yaro ya miƙe yana wasa.

Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A 1958 wani likitan tiyata a Kampala, Denis Burkitt, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara. Da yake dabbobi sun riga sun nuna bairos na iya haddasa sankara, sai aka shiga nemansa a wannan ƙari, kuma a 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka same shi a Landan. Shi ne bairos na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin mutum. A Ibadan, Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru na cikin waɗanda suka nuna cewa allurai kaɗan na iya narkar da ƙarin gaba ɗaya, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt da Burchenal da wasu. Ƙwayoyin da aka ɗauka daga jikin wani yaro a Ibadan a 1963 har gobe ana renonsu a ɗakunan gwaji na duniya.

Akwai ma wani abu na ɓeran da ya iso Nijar ba tare da an lura ba. A 1970 aka gano sinadarin da irin waɗannan bairos ke amfani da shi wajen rubuta kansu cikin DNA, kuma David Baltimore a bairos ɗin sankarar ɓera ya same shi. Ganowar ce ta share hanyar gane HIV a 1983. Sinadarin da aka ciro daga ɗaya daga cikin waɗannan bairos na ɓera yana cikin yawancin kayan gwajin PCR, irin wanda cibiyar CERMES ta Yamai ta riƙa yi lokacin korona. Gwajin annobar da ta tsorata masu arziki ya iso cikin makonni. Maganin sankarar yara kuwa ya haura shekaru 60 yana kan hanya.

Yadda ciwon ke bayyana a jikin yaro

Ciwon ɗan Adam da ya fi kama da na ɓeran AKR shi ne sankarar ƙwayoyin T da ke farawa a taimus, duk da cewa a mutum ba bairos ne ke jawo ta ba. Ta fi kama yara manya da samari, maza fiye da mata. Ƙarin na girma cikin makonni a tsakiyar ƙirji, ya danne hanyar iska da babbar jijiyar da ke maido da jini daga kai. Yaro sai ya fara tari, numfashi ya yi masa wuya, ya ƙi kwanciya rigingine, ya gwammace ya kwana a zaune. Fuska da wuya su kumbura, musamman da safe, kaluluwa ta fito a wuya ba ta ciwo kuma ba ta sauka. Wani lokaci ruwa ya taru a ƙirji. Idan ya shiga ɓargo sai a ga fari-fat, da zazzaɓin da ba ya jin magani, da haɓo.

Duk malamin asibitin da ya ga haka a ƙauye zai fara tunanin tarin fuka, ko ciwon haƙarƙari, ko asma, ko zazzaɓin cizon sauro. Kuma bai yi laifi ba, domin waɗannan sun ninka sankara yawa nesa ba kusa ba. Matsalar na zuwa ne a ziyara ta biyu da ta uku, lokacin da magani bai yi ba, kuma babu hoton ƙirji, babu cikakken gwajin jini, babu wanda zai ce a tsaya a sake tunani.

A nan ne kasuwa ke shigowa. Dexamethasone, ƙwayar nan da ake sayarwa a tire da kan babur, wadda wasu mata ke sha don ƙiba, tana cikin ainihin magungunan da ake yaƙar wannan sankara da su a asibiti. Idan aka bai wa yaro ita ita kaɗai, ƙarin zai yi ƙasa cikin kwanaki, numfashi ya dawo, ya ci abinci, gida ya yi hamdala. Bayan makonni kaɗan sai ciwon ya dawo. Kuma idan aka kai shi Yamai a daidai lokacin da ƙwayar ta ɓoye alamun, gwaji na iya kasa nuna komai. Narkewar ƙari mai girma farat ɗaya ba tare da ƙarin ruwa da sa ido ba ma tana iya taɓa ƙoda. Da wuya a samu wani misalin da maganin gaskiya ke yin ɓarna irin wannan saboda kawai ya zo ba tare da likita ba.

Ƙarin Burkitt kuwa, wanda ke cikin sankarar yara da aka fi gani a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, daga wani rukunin ƙwayoyin garkuwa yake, ba daga taimus ba. Yakan kama yara daga shekara 4 zuwa 9, a muƙamuƙi, ko bayan ido, ko ciki. Haƙora su yi girgiɗi, a ɗauka ciwon haƙori ne ko hangum. Yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Maimaita kamuwa da zazzaɓin cizon sauro shi ke buɗe wa bairos ɗin ƙofa. Saboda haka gidan sauro, da maganin rigakafin da ake raba wa yara duk damina, da allurar rigakafin da Nijar ta ƙaddamar a Gaya a watan Satumbar 2024, suna da wata fa'ida ta biyu da ba a cika faɗa ba.

Sannan ga tsohuwar maganar da kowane Bahaushe ya taɓa ji, wai daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya bazu. Maganar na da mafari. Wanda aka kai asibiti a makare, aka yi masa allura ya rasu, shi mutane suka gani. Wanda aka kai da wuri ya warke kuwa ba su da yawan da za su ƙaryata ta. Haka abin ke ciyar da kansa.

Hanyar Yamai

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba sa kai kashi 30. Wani nazari da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa a Afirka ta Yamma kashi 57 cikin 100 na yaran da suka kamu ba a ma taɓa gano abin da ke damunsu. Wannan adadi ya fi kowane nauyi ga ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Nijar na da rajistar ciwon daji tun 1992, amma rajista tana ƙirga wanda ya iso ne, aka ɗebi ɗan yankin ƙarinsa aka duba. Yaron da aka binne a wani ƙauye da ke bayan Sanam, aka ce iska ce ko sanyi, ba ya cikin lissafi. Abin da ba ya cikin lissafi kuma ba ya shiga kasafin kuɗi.

Filinge na da nisan kilomita kusan 180 daga Yamai, Sanam kuma tana can gaba, a kan hanyar da ta bi ta Abala ta nufi Tawa. A zaman lafiya ma tafiya ce. Amma yankin ya daɗe ba ya cikin zaman lafiya. Tun 2017 sassan jihar Tilaberi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A ranar 25 ga Disambar 2019 aka kashe jami'an tsaro 14 a wani kwanton ɓauna a yankin Sanam, suna rakiyar ma'aikatan rajistar masu zaɓe. A farkon 2020 aka hana hawa babur a jihar, dokar da aka riƙa sassautawa ana mayarwa. Hujjar tsaro a fili take, domin a kan babur maharan ke zuwa. Sai dai babur ɗin nan shi ne motar ɗaukar mara lafiya ta talaka. Ciwon da ke ninka kansa cikin kwana biyu ba ya jiran ranar kasuwa a samu mota.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya toshe hanyar Kwatano, inda akasarin magungunan Nijar ke shigowa, Najeriya kuma ta yanke wuta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso. Ga mai shan maganin hawan jini, jinkirin mako biyu damuwa ce. Ga yaron da ke tsakiyar jadawalin allurar sankara, dama ce ga ƙwayar nan ɗaya da Skipper ya yi gargaɗi a kanta. Wasu magungunan, kamar vincristine da asparaginase, sai an ajiye su cikin sanyi. A Fabrairun 2025 kuma hukumomi suka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta bar ƙasar. Kowace gwamnati na da ikon zaɓar baƙinta, amma duk gurbin da baƙo ya bari a asibitin karkara, sai mai gida ya cike shi da kuɗinsa.

Ba za a ce ba a yi komai ba. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji na farko a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ƙasar da ke haƙo yuraniyom a Arlit tun farkon shekarun 1970 ta jira shekaru 50 kafin ta samu na'urar gasa ƙari ko ɗaya, wannan ma abin dubawa ne. Na'urar ta rage wa mata masu sankarar mama da ta bakin mahaifa wahalar fita waje. Amma sankarar jini da ƙarin Burkitt ba na'urar gashi suka fi buƙata ba. Suna buƙatar likitan da zai duba ƙwayoyi ya faɗi sunan ciwon cikin kwanaki, da allurai da ba sa yankewa, da jini a ma'ajiya, da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi don lokacin da garkuwar yaro ta faɗi, da abinci mai gina jiki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ake yanka kirtani a buɗe shi a gaban 'yan jarida, wataƙila shi ya sa suke zama a baya.

Sashen kula da sankarar yara na Yamai na cikin haɗakar GFAOP, ƙungiyar likitocin Faransa da Afirka da aka kafa a shekarar 2000. Sakamakon da haɗakar ta wallafa daga ƙasashen kudu da Sahara ya nuna cewa da magunguna masu sauƙin kuɗi ana ceto kimanin rabin yaran da ke da ƙarin Burkitt, wani lokaci fiye da haka. Wannan a asibitoci ne irin na Bamako da Wagadugu, masu matsaloli irin na Yamai. Abin da ke cinye sauran shi ne zuwa a makare da kuma barin magani a tsakiya.

Barin magani ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ake yawan ɗora wa iyaye laifi. Jinyar Burkitt watanni ce. Ta sankarar ƙwayoyin T kuwa takan kai shekaru biyu. A lissafa abin da wannan ke nufi ga magidanci daga Kurfai: uwa ta tare a Yamai ta bar sauran 'ya'ya, uba ya sayar da akuya, sannan rago, sannan saniya. Damina ta faɗi, gonar gero na jira. Yaron kuma bayan allurai na farko ya warware, ƙarin ya ɓace, yana dariya. Wa zai gamsar da wannan uba cewa saura wata 20? Shawarar komawa gida a irin wannan hali lissafi ne na mutumin da ke da bakuna goma da zai ciyar, kuma tsarin da bai tanadi masauki da kuɗin mota da abinci ba shi ya yanke masa ita.

Dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, wadda Nijar ta kafa a 2006, ta ceci rayuka da yawa duk da bashin da gwamnati ta riƙa tara wa asibitoci. Amma a dubi shekarun da aka ambata a sama. Yawancin masu Burkitt sun haura 5, masu sankarar taimus kuwa samari ne. Ragin kashi 50 na kuɗin asibitocin gwamnati da ya fara aiki ranar 1 ga Satumbar 2024 ya sauƙaƙa ganin likita da gwaje-gwaje, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai rabin kuɗin jinyar shekaru biyu har yanzu ya fi ƙarfin mai rumbu ɗaya.

Inda kuɗin ci-rani ke shiga

Ƙasar Kurfai ƙasar 'yan ci-rani ce. Daga Abijan da Legas da Kwatano zuwa Libiya da Aljeriya, kiran waya na farko idan yaro ya kwanta wurin ɗan'uwan da ke waje yake zuwa. Kuɗin na zuwa, kuma cikin sa'o'i. Tambayar ita ce ina suke tafiya. Sau da yawa kason farko na mai tiren magani ne, na biyu na mai maganin gargajiya, na uku na asibitin gari, sai na huɗu, lokacin da aljihu ya yi sanyi kuma yaro ba ya iya zama, shi ne na motar Yamai. Da za a juya jerin, da kuɗin nan ɗaya sun yi wani aiki dabam. Wanda ke turo kuɗi yana da murya a gida fiye da yadda yake zato. Yana iya tambaya: kwana nawa da fara kumburin, yana ƙaruwa ne, yaron na iya kwanciya rigingine, an ɗauki hoton ƙirji, wace ƙwaya aka ba shi. Kumburin da ba ya ciwo kuma yake girma fiye da mako biyu, ko tarin da ya ƙi jin magani tare da kumburin fuska, dalili ne na wucewa asibitin gunduma a nemi takardar turawa gaba, ba na sake aikawa kasuwa ba.

Amma kuɗin ci-rani ba za su sayi likitan duba ƙwayoyi ba, ba za su cika ma'ajiyar jini ba. Wannan na gwamnati ne. A 2018 WHO ta sa burin kai adadin yaran da ke warkewa zuwa kashi 60 cikin 100 a duniya nan da 2030. Ita da asibitin St. Jude na Amurka, wanda ya yi alƙawarin dala miliyan 200, sun kafa wani shiri na kai magungunan sankarar yara kyauta ga ƙasashe marasa ƙarfi. A Fabrairun 2025 aka fara kai kayan, makonni kaɗan bayan gwamnatin Amurka ta sanar da ficewarta daga WHO. Ƙasashe shida ne a rukunin farko: Mongoliya, Uzbekistan, Ekwado, Jodan, Nepal da Zambiya. Shirin na da niyyar faɗaɗawa zuwa ƙasashe 50 cikin 'yan shekaru, kuma ƙasar da ke son shiga sai ta nuna tana da tsarin adana magungunan, da ma'aikatan da za su bayar da su, da alƙaluman yaran da take jinya.